Na Je Makka Ganin Yayata, Na Tarar da Kyanwarta

Daga Malumfashi zuwa Kano

Ban jira kiran assalatu ba na fito da jakata tsakar gida. Babu wanda zan tasa daga barci in yi wa sallama, domin tun da Allah ya karɓi ran matata Hajara bara, ni kaɗai nake kwana a gidan. Na rufe tagogi, na kashe fitilar zaure, na miƙa wa maƙwabcina Malam Audu mabuɗi ta saman katanga.

Ya ce, "Malam Isuhu, a sa mu a addu'a. A gaida Hajiya Hadiza, in har tana tune da mu."

Hadiza yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Fiye da shekara talatin da suka wuce ta tafi aikin Hajji da mijinta, ya kwanta ciwo bayan an sauko daga Arfa, aka binne shi a can. Ba ta taɓa haihuwa ba, ba ta ga abin da za ta dawo ta tarar ba, sai ta yi zamanta. Tun daga nan muryarta kawai nake ji, da can a kaset ɗin da alhazai ke kawowa, daga baya a waya. Da 'ya'yana suka haɗu suka biya mini Umara, abin da na fi ɗoki bayan ganin ɗakin Allah shi ne in zauna da ita mu ci abinci a kwano ɗaya.

A tasha na sami ƙaramar motar Kano saura mutum ɗaya. Mun tsaya a Gwarzo muka yi sallah, na sayi ƙosai da kunu. Duk shingen da muka tarar, direba sai ya leƙa ya ce, "Yallaɓai, alhaji na ɗauko, jirgi zai kama," a ɗaga mana hannu mu wuce. A hanya na kira lambar Yaya, a kashe. Tun makon da ya wuce haka take, ni kuwa na ɗora laifin a kan layin waya.

Kano, Jidda, Makka

Mun yini a filin jirgi kafin a kira mu. Ayarinmu yawanci mata da miji ne, ko tsohuwa da ɗanta. Ni aka ba kujerar taga, kusa da wani ɗan kasuwa da ya yi barci tun kafin jirgi ya ɗaga. Da aka sanar mun kusa miƙati na yi niyya, na shiga talbiyya a hankali.

A Jidda aka ɗauki hoton yatsunmu, aka buga mana hatimi, muka hau doguwar mota mai sanyi kamar randa. Hanyar Makka shimfiɗaɗɗiya ce, duwatsu baƙaƙe hagu da dama. A shingen shiga gari wani askar ya hau ya dubi takardunmu ya sauka. Masaukinmu a Jarwal yake, ɗaki mai gado huɗu, ana iya takawa da ƙafa zuwa Harami.

Ba zan iya kwatanta muku abin da na ji da na ga Ka'aba ba. Abin da zan iya faɗa shi ne, a cikin ɗawafi wani dattijo yana tura matarsa a keken marasa lafiya a gabana, yana sunkuyawa yana karanta mata addu'a a kunne. Ni da Hajara mun sha cewa tare za mu zo. Na gama sa'ayi, aka yi mini aski, na koma masauki na kwanta ina kallon rufi. A cikin wannan taro da ban taɓa ganin irinsa ba, babu mutum ɗaya da ya san sunana.

Tandabawi

Washegari da hantsi na ci ful da tamis, wato dafaffen wake da faffaɗan burodi, a wani shago, na kama hanyar Tandabawi da kwatancen da Yaya ta taɓa yi mini. Unguwa ce tsohuwa, lunguna na hawa dutse suna sauka, wani ɓangaren an rushe shi ya zama fili. Da na fara jin Hausa tana tashi ta tagogi, gauraye da Larabci, sai ƙafata ta yi sauƙi.

Wata mata mai sayar da fura a bakin lungu ta ƙura mini ido. Ta ce, "Kai ne Auta, ƙanen Hadiza? Wallahi goshinku ɗaya."

Sunanta Hajiya Ladi, mutuniyar Maraɗi, ɗakinta na jikin na Yaya. Ta rufe ƙwaryar furarta, ta ce in biyo ta. Sai da muka hau matakala muka tsaya gaban wata ƙofar ƙarfe sannan ta juyo.

"Mi zan ce maka, Alhaji. An tafi da ita tarhil. Ta fita sayen maganin gwiwa, aka tare ta a bakin titi, ka san ba ta da igama. Halas, shi ke nan, gida za a maida ta."

Na jingina da bango. Igama ita ce takardar zama a ƙasar, tarhil kuwa inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. Na sha jin kalmomin a bakin alhazai, ban taɓa zaton za su tare ni a bakin ƙofar yayata ba.

Ladi ta buɗe ɗakin. Ɗan ƙarami ne, tsaf da shi: katifa, dardumar sallah a ninke, tukunya biyu, fanka a bango. Ƙamshin turarenta bai gama fita ba. A gefen ƙofa akwai kwano da dafaffiyar kaza ta bushe a ciki, ba a taɓa ba.

Ladi ta nuna saman kabad. "Ga wadda ta bari nan. Bebiya. Tun ranar ba ta ci komai ba, sai ɗan ruwa."

Na ɗaga kai. Idanu biyu ne suke kallona, ruwan tagulla, zagayayyu. Kyanwa ce, amma ban taɓa ganin irinta ba. Launinta toka-toka mai sirkin shuɗi, kamar hadarin da ya haɗo bai zubar ba. Gashinta gajere ne mai kauri, cunkus kamar na ɗan rago. Kanta fankameme, ƙafafunta sirara, bakinta kuma kamar mai murmushi, alhali haƙarƙarinta sun fara bayyana. Ta buɗe baki kamar za ta yi kuka, ba abin da ya fito.

"Haka take," in ji Ladi. "Shi ya sa Hadiza ta sa mata Bebiya. Ta gidan da ta yi aiki ce, wata tsohuwar Balarabiya. Da tsohuwar ta rasu aka bar mata ita."

Kwanakin ɗakin Yaya

Daga ranar tafiyata ta rabu biyu. In yi asuba a Harami, in zauna har rana ta fito, sannan in hau lungunan Tandabawi in canza wa Bebiya ruwa da abinci. Ba ta saukowa. In na miƙa hannu sai ta ja da baya ta lafe a bango.

Ana nan wata rana Ladi ta shigo da sauri da waya a hannu. Yaya ce, ta ari wayar wata a can inda suke.

"Auta, ka iso?"

"Na iso, Yaya."

"Ka ga ikon Allah. Kai ka shigo, ni zan fita." Ta yi 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. "Lafiyata ƙalau, ana ba mu abinci. Ka saurara, mai wayar na jira. Kada ka bar Bebiya a titi. Ba ta san titi ba, ba ta da muryar da za ta nemi taimako. Ka yi mini wannan, Auta."

Kafin in tambaye ta gwiwarta, layin ya yanke.

Na tambayi Ladi ko za ta riƙe ta. Ta girgiza kai. Su da yawa ne a ɗakinsu, kuma ita ma ba ta da takarda, gobe ana iya tare ta. Na tambayi jagoran ayarinmu ko ana hawa jirgi da kyanwa, ya dube ni kamar zafin rana ya taɓa ni, ya ce takardun allura da na likita kaɗai sun fi kwanakin da suka rage mana. Wani mai shagon tsuntsaye ya zo ya gan ta, idonsa ya yi haske, ya ce zai saya ya sa ta a keji ta haifa masa 'ya'ya. Na ce ba ta sayarwa ba ce.

Ran nan bayan la'asar na zauna a katifar Yaya, gajiya ta rufe ni. Ban san yadda aka yi ba, sai na ji ina magana a fili. Na ce, "Yaya, da na zo ne in ba ki labarin Hajara." Na ci gaba. Na faɗi yadda ciwon ya fara, yadda take ɓoye mini zafinsa, yadda har yau in na dawo daga masallaci nake yin sallama a ƙofar ɗakinta. Maganar da ban yi wa 'ya'yana ba, ban yi wa liman ba, ita na yi wa ɗakin da ba kowa.

Ina cikin haka na ji motsi. Bebiya ta sauko. Ta tako a hankali ta zauna nesa kaɗan, tana kallon bakina. Na yi shiru, ta tsaya cak. Na ci gaba da magana, sai ta juya ta nufi kwano ta fara ci.

Da na gaya wa Ladi, ta dafe ƙirji. "Ai kuwa! Kullum ina jin Hadiza ta bango tana ta zuba da ita, labarin Malumfashi, labarinka, har in ce ko baƙi ta yi. Ashe ita ba ta cin abinci a shiru."

Ta Muzdalifa zuwa Awali

Ladi ta san gidan ɗan tsohuwar da Yaya ta yi wa aiki, wani likita a unguwar Awali. Ta haɗa ni da direban tasi, Abdul'aziz, magidanci mai furfura a gemu. Haifaffen Makka ne, ɗan ƙasa, kakansa ne ya zo daga Kano a ƙafa. Hausarsa guntu-guntu ce, rabi Larabci.

"Ya Haj, ina ji, amma magana shuwayya," ya ce, yana nuna kaɗan da yatsunsa.

Muka sa Bebiya a kwali mai huji, na rungume a cinya. Ya bi da mu ta Muzdalifa don in gani. Na sha jin alhazai na ba da labarin cunkoson wurin da motoci da tsintar tsakuwa. Ni fili na gani fetal, dogayen fitilu a jere, tituna masu faɗi ba mota ko ɗaya, iska na kaɗa wata leda. A nan mijin Yaya ya fara zazzaɓin da ya tafi da shi. Na sa yatsa ta hujin kwali, na ji hancinta mai sanyi ya taɓa ni.

Likitan ya karɓe mu da mutunci, aka kawo gahawa da dabino. Da ya ji abin da ya sami Yaya ya yi salati, ya jajanta mini. Abdul'aziz ne ke fassara.

Ya ce shi ya kawo kyanwar daga Faransa lokacin da yake karatu a can, don ta ɗebe wa mahaifiyarsa kewa. Irin nan sunansa Shartro, tsohon iri ne a ƙasar, tun zamanin da ake ajiye su don kamun ɓera. Ana ba da labarin wai wasu masu ibada a kan duwatsu, waɗanda ba su cika magana ba, su suka fara kiwonsu, shi ya sa ba su da kuka, amma ya ce wannan zance ne kawai na mutane. Abin da ya tabbata, in ji shi, su kan zaɓi mutum ɗaya a gida su bi shi ɗaki-ɗaki.

"Na kawo wa uwata, ita kuma ta zaɓi Hadiza," ya ce. "Kuma ta yi daidai. Hadiza ce ta rufe wa uwata ido, ni ina wurin aiki."

Na ce to ga ta na dawo da ita gidansu. Ya buɗe kwalin, Bebiya ta dube shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Ya ce shi da matarsa asibiti suke yini, gidan a rufe, ƙaramar 'yarsu kuma gashin kyanwa na tayar mata da asma. Ya ba da haƙuri har sau uku. Ban ga laifinsa ba.

Muka ɗauko kwalinmu muka juyo, a hanya na gaya wa Abdul'aziz sai ana yi mata hira take cin abinci. Abdul'aziz ya dube ni ta madubi.

"Ya Haj, bissa ɗin nan, lazim a yi mata Hausa?"

Bissa ita ce kyanwa a bakinsu. Na ce ban sani ba ko lazim ne, wato dole, amma da ita ta saba.

Ya ce, "Ta'al, mu je wurin ummi."

Jarwal

Mahaifiyarsa na zaune a hawa na biyu na wani tsohon gini, ba nisa da masaukina. Kowa Ummu Abdul'aziz yake ce mata. Tsohuwa ce siririya, idonta ɗaya ya yi yana, tana zaune a gaban talabijin da aka kashe wa murya. Ta amsa sallamata da Larabci. Da na ce, "Mun same ku lafiya, Hajiya?" sai ta gyara zama.

"Lafiya lau," ta ce a hankali, kamar mai taka tsani a duhu. "Lafiya lau. Ina gajiya? Ina... ina mutan gida?"

Ta ce tun da mahaifiyarta ta rasu ba ta yi doguwar hira da Hausa ba. Mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watsu Jidda da Riyad, jikoki ko "zo" ba su sani ba. Hausarta irin ta tsofaffin Kano ce, wadda ko a Kano yanzu ba kowa ke yin ta ba. Ba ta taɓa ganin Kano ba.

Na buɗe kwali. Bebiya ta fito ta shige ƙarƙashin kujera. Na yi wa Hajiya bayani: ba ta kuka, ba ta ɓarna, amma sai an zauna ana yi mata magana take ci.

"Me zan ce mata?"

"Duk abin da ya zo bakinki, Hajiya."

Ta yi dariya, ta ce ita ba mahaukaciya ba ce. Na bar su, zuciyata ba daɗi.

Kwanakin da suka rage kullum sai na biya. Ranar farko ba ta ci ba. Ta biyu ma haka, har na fara tunanin mai shagon tsuntsaye. Rana ta uku ina hawa matakala na jiyo muryar Hajiya ta ƙofa, tana ba da labarin yadda mahaifiyarta ke daka fura a wannan unguwa kafin a gina otal-otal, in kalma ta ɓace mata ta cike da Larabci ta wuce. Na leƙa. Bebiya na gaban kwano, kanta a ciki. Hajiya ta ɗaga mini hannu alamar kada in shigo in katse su.

Ranar da zan tafi na je sallama. Na tsuguna na shafa bayan Bebiya, karo na farko ta bari. Gashin ya nutse da yatsuna. Hajiya ta ce, "Ka gaya wa yayarka amanarta na hannuna. In na riga Bebiya mutuwa, Abdul'aziz ya sani."

Na yi ɗawafin bankwana, na karɓi jakar kayan Yaya da Ladi ta haɗa, muka hau motar Jidda.

Gida

Mun sauka Kano da rana tsaka. Ɗana Kabiru ya zo daga Kaduna ya tarye ni, a mota yake gaya mini jirgin su Yaya ya riga namu da kwana biyu, shi ya ɗauko ta ya kai ta Malumfashi.

Na same ta zaune a tabarma a tsakar gidana, cikin baƙar abayar da aka kama ta da ita. Ta tsufa fiye da muryarta. Ta kama fuskata da hannu biyu tana dubawa, ta ce, "Auta, kai ne da furfura haka?" Sannan ta sauke murya. "Ina ka bar ta?"

Na ba ta labari tun daga farko. Da na kai wurin Hajiya da labarin fura, ta rufe fuska da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa, ban sani ba ko dariya ce ko kuka.

Garin ya zama baƙo a wurinta. Ƙawayenta duk sun rasu, gidan mahaifinmu an sayar an yi shaguna, yaran unguwa na leƙowa su ga Hajiyar Makka. Na ce ta zauna a ɗakin Hajara, ta ce to.

Da magariba matar Malam Audu ta aiko da tuwon masara da miyar kuɓewa. Muka wanke hannu muka zauna. Ina kallo Yaya ta tsamo tsokar nama, ta cire mata ƙashi da kitse, ta yayyaga ƙanana, ta tara a gefen faranti. Sai ta waiga gefen damarta, ƙasa, kamar Bebiya na nan. Hannunta ya tsaya. Ta daɗe tana kallon wurin.

Can ta turo naman gabana.

"Ci," ta ce. "Ka rame. Ci, ka ba ni labarin Hajara."

Na gode wa Allah da ya kai ni ɗakinsa ya dawo da ni lafiya. Na gode wa 'ya'yana, da Hajiya Ladi da har yanzu take sayar da furarta a bakin lungu tana duban titi, da Abdul'aziz da mahaifiyarsa. Wanda duk Allah ya kai shi Makka cikinku, in ya bi ta Jarwal, ya sa su a addu'a.